Hoton Clive da Doreen

Mu talatin ne cif a ƙungiyar masu fatsa ta tafkin Sallow, kuma mutum ashirin da tara a cikinmu sun taɓa kama Doreen. Na talatin ɗin shi ne mijin yayata, Clive Hembrow, wanda ya fi kowa daɗewa a bakin ruwan, ya fi kowa kayan aiki, ya kuma fi kowa baki.

Doreen macen kifi ce, irin kap ɗin nan masu ƙaton ciki da faɗin gadon baya. An sa mata sunan wata mai gidan giya ta garinmu da ta rasu tun ina ɗan makaranta, wai tafiyarsu iri ɗaya ce. Ta haura shekara arba'in a tafkin, nauyinta yana kai-komo tsakanin laba arba'in da shida da arba'in da tara, gwargwadon abin da ta samu ta ci a shekarar. Ba ta da wuyar kamu. Sau biyu, wani lokaci sau uku a shekara, sai ta ɗauki ƙugiyar wani, a jawo ta, a auna, mai sa'ar ya durƙusa ya rungume ta a ɗauke shi hoto, a mayar da ita ruwa ta ci gaba da harkarta. Hoton sai a kafa shi a bangon bukkar ƙungiya, da suna da kwanan wata da nauyi a ƙasa. Wannan bangon shi ne duk abin da muke wa wahala. Ƙarti da dattawa masu jikoki, mu kwana uku a tanti cikin laka muna cin wake daga gwangwani, don kawai a manna fuskarmu kusa da ta kifi. Ban cire kaina ba. Hotona yana layi na biyu, kusa da taga.

Clive ɗan garin ne, a nan aka haife shi, ubansa ma yana cikin waɗanda suka haƙi tsakuwa a ramin da ya cika da ruwa ya zama tafkin. Wannan kaɗai ya sa yake ganin ruwan gadonsa ne, mu sauran baƙi ne da ya yi wa alfarma. Shekara talatin da huɗu ya yi yana shimfiɗa kafet a gidajen mutane, har gwiwoyinsa suka lalace, kuma duk gidan da ya shiga sai ya ba matar gidan labarin kifi ko ta tambaya ko ba ta tambaya ba. Ya auri yayata Pauline ina da shekara goma sha biyar. Suna da 'ya ɗaya, Gillian. Ranar da aka ba Gillian takardar gama jami'a a Leeds, kujerar ubanta ni na zauna a kai, saboda a daren jiya iska ta juya ta koma busowa daga kudu maso yamma, kuma a cewarsa mahaukaci ne kaɗai zai bar bakin ruwa a irin wannan iska. Ya kwana uku a can, ya dawo da mura, ba kifi.

Shi ya koya mini fatsa, wannan ba zan hana shi ba. A shekarata ta biyu a ƙungiyar na kama Doreen da ƙwayar masarar gwangwani guda biyu, ina tsakiyar cin burodi da naman alade, sandar fatsar ma aro ce daga wurinsa. Shi ya ɗauke ni hoton, ya yanke mini rabin kai. Bai sake yi mini magana ba sai ranar Kirsimeti, ita ma cewa ya yi in miƙo masa gishiri.

Duk shekarar da ta wuce bai kama ta ba, sai ya ƙara sayen kaya. Sandunansa uku kowacce ta fi fam ɗari biyar. Yana da ƙararrawar da ke sanar da shi in kifi ya ja ƙugiya, mai ƙara iri bakwai, da ɗan jirgin ruwa mai batir da ke kai abincin kifi tsakiyar tafki, da tanti mai ɗaki biyu, da baro na musamman da yake turo duk wannan tarkace a kai yana nishi. Idan ya sauke kaya sai ka rantse gudun hijira ya yi. A gareji kuwa akwai littattafai goma sha shida da ya cika da hannunsa: inda Doreen ta yi tsalle, ƙarfe nawa, iska daga ina, wata ya kwana nawa. Ya san ta fiye da yadda ya san matarsa. Wani likitan haƙori da ya shigo ƙungiyar bai fi wata huɗu ba, wanda ko ɗaurin ƙugiya bai iya ba, ya zo ran Lahadi da rana don ya huta da surutun gida, ya kama ta kafin shayinsa ya huce. Clive yana tsallaken ruwa yana kallo da madubin hange.

Da kifin ya gagare shi, sai ya koma kama mutane. Aka naɗa shi mai kula da tafki don ba wanda yake son wahalar, shi kuwa ya ɗauki abin sarauta. Ya tarar da dokoki tara, ya mayar da su arba'in da ɗaya. Kada ka taɓa kifi da busasshen hannu. Kada ka miƙe tsaye da kifi a hannunka. Katifar da za ka kwantar da shi ta zama a jiƙe, kaurinta kaza. Maganin shafawa a raunin ƙugiya ya kasance a aljihunka, ba a jaka ba. Dokokin ba laifi gare su ba, mu ma muna son kifayen nan, abin da ke ba ni haushi shi ne daɗin da yake ji in ya kama mutum. Zai laɓaɓo ta bayan tantinka da takalmin roba, ya tsaya yana murmushi, ya ce, "Ɗan'uwa, ko zan ga ƙugiyarka?" Mutum shida ya sa aka kora a shekara takwas, ɗaya daga ciki dattijo ne mai ciwon suga da ya bar sandarsa minti biyar ya je mota ɗauko allurarsa.

Dokar da ya fi ji da ita ta aya ce. Doreen tana mutuwar son aya, kowa ya sani. To amma duk mai fatsa ya san ba a zuba wa kifi ita ɗanya. Sai an jiƙa ta kwana ɗaya cur, a tafasa rabin awa, in ba haka ba mun yarda tana kumbura a cikin kifi ta yi masa lahani. Clive sai ya sa hannu a bokitin mutum, ya ɗauko ƙwaya ɗaya ya jefa a baki ya tauna yana kallon sama. In ya ji tauri, ka naɗe kayanka ka tafi gida. Haƙorinsa ɗaya na gaba a wajen wannan aikin ya ɓare.

A farkon bazarar bara Pauline ta gaji. Ba faɗa ta yi ba, ba ta iya faɗa ba. Gillian ta haihu a Aberdeen, tagwaye, Pauline kuma ta sa gida a kasuwa, ta samu mai saye, ta nemo musu ɗan gida kusa da jikokinta, sannan ta gaya wa mijinta ranar tashi: talatin ga Satumba. Ta ce masa ita dai za ta tafi, in yana so ya biyo ta, in kuma Doreen za ta riƙa wanke masa kaya to ya zauna. Ya zo wurina yana neman in ba ta baki. Na ce masa ni ƙaninta ne, kuma da ni ne ita da tuni na yi shekara ashirin a Aberdeen.

Daga Sallow zuwa can tafiyar awa takwas ce a mota. In ya tafi ya tafi ke nan, gurbinsa kuma akwai mutum sittin a layi suna jira. Saura masa wata biyar ya sa fuskarsa a bangon nan, ko ya bar garin ubansa a matsayin mutum ɗaya tak da Doreen ta ƙi.

Ya tare a bakin ruwan. Ya zaɓi wani lungu ƙarƙashin bishiyoyin da suka sunkuyo kan ruwa, inda littattafansa suka ce ta fi kiwo, ya kafa tanti, ya sa doka ta arba'in da biyu wadda ta hana kowa fatsa a wurin wai don ana gyaran gaɓa. Pauline ta naɗe kayan shekara arba'in a kwalaye ita kaɗai, ni da matata muna taya ta ran Asabar. Shi kuwa sai ya shigo sau biyu a mako ya yi wanka, ya kwashe abin da ke firji, ya tambaya ko an ga wani zarensa. Mayu ta wuce, Yuni ta wuce. A Yuli wani direban motar kashe gobara ya kama Doreen a can ɗaya gefen tafkin, laba arba'in da bakwai. Agusta ko motsi ƙararrawarsa ba ta yi ba. Ya rame, gemu ya fito masa fari-fari, idanunsa suka faɗa. Na so in tausaya masa, sai in tuna yayata a kan tsani tana sauke labule, tausayin ya gudu.

A mako na biyu na Satumba na shiga garejinsu ɗauko kwalaye, na tarar da shi yana juye buhun aya a bokitai. Buhu uku ne, irin masu kilo ashirin da biyar, biyu har sun zama fanko. Ƙarar zubarta kawai na ji na san ko ruwa ba ta gani ba. Na ɗauki ƙwaya ɗaya na sa a baki, na tauna ina kallon sama, yadda yake yi.

Na ce, "Yaya Clive, wannan ai tsakuwa ce."

Bai ɗago ba. Ya ce Pauline ta riga ta naɗe babbar tukunya, kuma ba shi da kwana ɗaya na jiƙo, kwana goma sha tara suka rage masa. Ya ce zancen kumburi ma duk camfi ne, ba wanda ya taɓa tabbatarwa.

"Camfin da ka kori mutum biyu a kansa?"

"Waɗancan ba su san abin da suke yi ba, Gordon. Ni na san ruwan nan."

Ya kamata in tafi wurin shugaban ƙungiya a ranar. Ban je ba. Na ce a raina saura kwana goma sha tara a rabu da shi, kada in jawo wa Pauline wani tashin hankali tana cikin wannan aiki. Wannan ita ce hujjar da na ba kaina, kuma har yau ba ta gamsar da ni ba. Kilo saba'in da biyar na ɗanyar aya ya zuba a lungun nan cikin mako biyu.

Ran ashirin da huɗu ga wata, ƙarfe bakwai da rabi na safe, ina shirin fita aiki, ya bugo mini waya. Ya ce in zo da kyamara yanzu, ya kama ta, kuma kada in gaya wa kowa tukuna. Na yi mamakin wannan na ƙarshen. Mutumin da in ya kama kifi mai laba goma sai duk gari ya ji, yau ya kama Doreen yana cewa a yi shiru. Duk da haka na ji daɗi, wallahi na ji, har na yi gudun da ya wuce ƙa'ida a hanya.

Na same shi durƙushe a gaban tanti. Doreen tana kwance a kan katifa, an lulluɓe ta da jiƙaƙƙiyar jakar awo, ga bokitin ruwa a gefe, ga sanda a jingine, zare ya miƙe daga kanta har zuwa bakin kifin. Komai a kan doka. Ya ɗaga jakar a hankali, ya ce in yi sauri kada ta daɗe a waje.

Na riƙe kifaye sun fi ɗari a rayuwata. Kifi mai rai ko ya gaji, gefen kansa yana buɗewa yana rufewa, bakinsa yana motsi, idonsa yana juyawa ƙasa in ka kwantar da shi. Doreen ba abin da ke motsi a jikinta. Idon ya yi fari-fari yana kallon sama, cikin ya kumbura ya yi tauri, jelar ta sandare. Da iska ta kaɗo sai na ji wari kaɗan, ba mai yawa ba, na kwana ɗaya. Ƙugiyar tana leɓenta na ƙasa, daidai tsakiya, wurin da ake so, ba ko ɗigon jini.

Na dube shi. Shi kuwa ya ɗebi ruwa a kofi ya zuba mata a kai, ya sake ɗiba ya zuba a baya, yana cewa, "Sannu, 'yar tsohuwa, sannu, yanzu za ki koma." Ya jiƙa hannuwansa, ya zare ƙugiyar a hankali, ya ciro magani daga aljihu ya shafa a ramin da shi da kansa ya huda. Ya sa ta a jaka, ya rataya a sikeli, ya juyo mini da fuskar sikelin don in shaida. Laba arba'in da tara da oza shida. Ba ta taɓa kai haka ba, kuma na san abin da ya cika mata ciki.

Na ce, "Yaya, a ina ka tsince ta?"

"Ƙarfe shida da minti goma ta ɗauka. Minti ashirin muka yi muna ja."

"Clive."

"Minti ashirin, Gordon. Sau biyu ta kusa shiga saiwa." Ya tattaro ta ya ɗora a gwiwoyin nan nasa da suka lalace, ya gyara hula. "Ɗauki ta wannan gefen, rana tana bayanka."

Ban taɓa raina ɗan Adam ba kamar yadda na raina shi a wannan lokacin. Da kuka ya yi, da ya ce mini Gordon na kashe ta, ka taimake ni, da na zauna a lakar nan na taya shi. Amma murmushi yake yi, irin na bango, haɓa a sama, ɓararren haƙori a waje. Na ɗaga kyamara na ɗauka. Guda goma sha ɗaya na ɗauka, don yana ta cewa a sake, hannunsa ya rufe mata ƙayar baya. Me ya sa na ɗauka? Saura kwana shida su tashi, kuma na san in bai samu hoton nan ba zai iya ƙin tafiya, ko ya tafi ya zauna wa yayata a falo yana huci har ƙarshen ransa.

Da muka gama ya shiga ruwa har ƙugu da ita a hannu, ya riƙe ta a tsaye yadda ake yi har kifi ya dawo hayyacinsa ya ƙwace. Ya daɗe a haka. Daga baya ya tura ta can ƙarƙashin saiwoyin bishiya, ya sa ƙafa ya danna, ya juyo ya ce mini ta tafi da ƙarfinta. Ya kawo takardar shaida na sa hannu.

Kafin rana ta yi tsaka kowa ya ji. Da yamma ya sayi giya ga duk wanda ke mashaya, har da waɗanda ba su san ko wane ne shi ba. Labarin ya tashi daga minti ashirin ya koma arba'in. Washegari ya wanko hoton, ya sa a firam, ya kai bukka ya kafa da hannunsa a tsakiyar bango, ya matsar da na likitan haƙori gefe. Pauline ta bugo mini tana dariya, ta ce rabon da ta ga mijinta haka tun suna saurayi da budurwa, har kwalaye ya taya ta ɗauka.

Kwana uku bayan kamun Doreen ta taso. Wani ne ya gan ta da safe, ciki a sama, iska ta kai ta gaɓar gabas. Aka binne ta a bayan bukka, mutum ashirin da biyu suka zo, wasu sun bar aiki. Direban motar kashe gobara ya yi kuka da hawaye. Na san wasu daga cikin waɗannan mutane ba su je jana'izar surukansu ba, amma ga su sun cire huluna a kan ramin kifi, kuma ni ma hulata tana hannuna. Clive ne ya yi jawabi. Ya ce ta yi rayuwa mai kyau, kuma yana alfahari da cewa shi ne na ƙarshe da ya riƙe ta.

Wannan maganar ce ta jawo masa. A ƙungiyarmu, in kifi ya mutu cikin mako guda da kamu, wanda ya kama shi na ƙarshe zai gurfana a gaban kwamiti, in aka ga sakacinsa ne a kore shi har abada, a kuma aika wa sauran ƙungiyoyin yankin da sunansa. Aka kira zama washegari da la'asar a cikin bukka. Shugabanmu Stan Pettifer, tsohon malamin makaranta ne mai shekara saba'in da takwas, mutum mai kunya da kawaici, ya riƙe Doreen sau uku a rayuwarsa. Kafin a fara sai ya tashi ya je gaban hoton Clive, ya sa tabarau, ya daɗe yana dubawa. Sauran 'yan kwamiti huɗu ma sun riga sun duba. Duk wanda ya taɓa rungumar kifin nan da rai ya san abin da ke cikin hoton, ido kaɗai ya isa.

Stan ya tambaye ni abin da na gani a matsayina na shaida. Na ce an kira ni ɗaukar hoto, na ɗauka. Bai matsa mini ba, ya dai dube ni irin duban da yake wa yara a aji, na sunkuyar da kai.

Sannan ya juya ga Clive, ya yi masa magana a hankali. Ya ce Doreen ta tsufa, kowa ya san kwananta ya kusa. Ya ce in mutum ya fito da safe ya tarar da ita a mace a gaban tantinsa, bayan shekara goma sha shida yana nemanta, ba abin mamaki ba ne hankalinsa ya gushe na ɗan lokaci, kuma ba wanda zai riƙe shi da wannan. In haka ne, a sauke hoton a rufe maganar a nan cikin ɗakin, gobe a yi masa liyafar ban kwana, a ba shi katin zama ɗan ƙungiya na har abada saboda hidimar da ya yi. In kuwa da ranta ya kama ta, lafiyayya, har ta yi minti arba'in tana ja, sannan ta mutu cikin kwana uku, to a hannunsa ta mutu, kuma kwamiti ba shi da zaɓi.

"To, Clive," in ji Stan, "wanne ne?"

Ba ƙaramar ƙofa dattijon ya buɗe masa ba. Na ji kaina ina roƙo a zuci ya bi ta. Clive ya dubi bango, ya bi layukan hotunan da ido, na mutum ashirin da tara da nasa, har ya zo tsakiya.

"Da ranta na kama ta," ya ce. "Laba arba'in da tara da oza shida. Ga shaida nan ya sa hannu."

"Ka gane abin da kake cewa? Sunanka zai je kowace ƙungiya daga nan har bakin teku, a matsayin wanda ya kashe Doreen."

"Na gane. Hoton fa? Doka ta goma sha huɗu ta ce duk kamun da aka shaida ba a sauke shi."

Stan ya cire tabarau ya goge ido. Ya ce haka dokar ta ce. Aka ɗaga hannu, biyar ba ko ɗaya da ya ƙi, aka karɓe masa mabuɗin ƙofar tafki da katinsa. Ba wanda ya ba shi hannu da zai fita. Direban motar kashe gobara yana waje yana jira, sai da mutum biyu suka riƙe shi.

Ni na mayar da shi gida, don motarsa cike take da kwalaye. Ina ta jira ya ce wani abu, ko ayar nan ya ambata, ko ya ce ya yi kuskure, ko ya yi shiru har gida in ɗauka kunya ce. Na saci kallonsa a wajen fitilar kan hanya, na ga yana zaune daram, hannu a kan ciki, fuskarsa a sake kamar wanda ya ci ya ƙoshi.

Da muka tsaya a ƙofar gida Pauline tana ɗaga mana hannu ta taga, ya dafa mini kafaɗa.

"Ƙanena, gobe ka kai hoton nan shago a wanko mini babba, na falon Aberdeen." Ya buɗe ƙofa, ya sa ƙafa ɗaya waje, ya juyo. "Ka ce musu su ɗan gyara idon."